Yadda na gwada tsarin cin abinci iri uku domin rage ƙiba a ƙarƙashin kulawar asibiti

Ni malamar kimiyyar halittu ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata, shekaruna 42, kuma ina da 'ya'ya biyar. Na rubuta abin da ya gudana tsakanina da asibiti daga Janairun 2023 zuwa Maris na 2024 ne saboda na san akwai mata da maza da yawa da ƙiba ta dama, waɗanda ake cika wa kunne da shawarwari masu cin karo da juna: wannan ya ce a daina tuwo da shinkafa, wancan ya ce mai ne matsalar, wani kuma ya ce a riƙa zama da yunwa har azahar. Na shafe kusan shekara biyu cikin wannan ruɗani kafin na je wurin masu ilimin abin. Ƙibata ba rana ɗaya ta zo ba. Kowace haihuwa takan bar mini wani abu, domin a lokacin jego ana ɗura wa mace kunun kanwa da gasasshen nama da tuwo don nono ya kawo, kuma ko an yi arba'in hannu ba ya komawa yadda yake. Dangi suna ganina sai su ce hutu ya zauna, ni ma ina jin daɗin maganar, har zuwa lokacin da gwiwoyina suka fara ciwo, hawa bene zuwa aji ya zama aiki, na kuma wayi gari ina sallar farilla a kan kujera. Kafin na je asibiti na sayi wani shayin rage teɓa da ake tallatawa a kafofin sada zumunta a kan Naira 15,000. Gudawa kawai ya sa ni ta kwana huɗu, nauyin da ya ragu kuma ya dawo cikin mako guda.

Ranar wata Litinin a tsakiyar Janairu na tafi babban asibitin gwamnati na garinmu. Na isa da ƙarfe bakwai da rabi ina ganin na yi sammako, sai na tarar an riga an raba lamba, tawa ta wuce sittin. Matakin farko shi ne yankar kati da buɗe fayil, wanda ya ci Naira 1,500 a lokacin, kuma an tambaye ni suna da shekaru da adireshi da lambar wani makusanci. Daga nan aka tura ni wurin nas-nas, inda aka auna nauyina ya zama kilo 94, tsawona santimita 160, jinina kuma 148 bisa 94. Sai wajen ƙarfe ɗaya na shiga wurin likita. Ya ɗauki biro ya yi lissafin a gabana: ana raba nauyi da tsawo sau tsawo a ma'aunin mita, wato 94 a raba da 2.56, sai ya ba da 36.7. Wannan shi ne ake kira BMI. Ya ce a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya daga 25 mutum ya wuce kima, daga 30 kuma ƙibar ta zama larura, ni ina mataki na biyu na larurar. Wata nas ta auna zagayen cikina ya kai santimita 108, alhali mace idan ta wuce 88 haɗarin ciwon suga da na zuciya ya ƙaru sosai. Ban taɓa jin an kira jikina da sunan ciwo ba sai ranar, kuma na ji nauyin kalmar a zuciyata.

Tambayoyin da ya yi mini sun fi awon tsawo. Ya tambayi ko akwai mai ciwon suga a gidanmu, na ce mahaifina da yayata. Ya tambayi ko ina minshari, ko al'adata tana zuwa daidai, ko ina allurar tazarar haihuwa, sannan ya ce, "Malama, ki yi haƙuri da tambayar, kin taɓa shan maganin ƙiba, irin wanda ake kira sha ka fashe?" Na ce ban taɓa ba. Ya bayyana mini cewa yana tambayar kowa ne, domin wasu ƙwayoyin da mata ke sha don su yi jiki suna ɗauke da dexamethasone, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya tayar da suga da jini. Da na ba shi labarin shayin, sai ya ce da yawa daga cikin irinsa ganyen wankin ciki ne kamar filasko, ruwa suke fitarwa ba kitse ba. Bai yarda ya ce mini in ci kaza in bar kaza ba a ranar. Ya rubuta gwaje-gwaje ya ce sai sakamako ya fito.

A nan na yi kuskuren da ya ɓata mini mako guda. Ba a jaddada mini cewa gwajin suga na safe yana buƙatar mutum ya kwana bai ci komai ba na aƙalla awa takwas, sai na sha kunu kafin na fito, aka mayar da ni gida. Ruwa kaɗai aka yarda a sha. Lokacin da na koma kuma an shiga ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, na'urar cirar kuɗi ta wurin biya ba ta da sabis, na tsaya fiye da awa biyu da yunwa kafin rasit ya fito, domin ba a ɗibar jini sai an nuna rasit. Gwaje-gwajen su ne sugan safe, da HbA1c wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce, da awon kitsen jini, da aikin ƙoda, da na maƙoshi da ake kira tayirod. Gaba ɗaya na kashe kimanin Naira 24,000, kuma wanda ke da inshorar lafiya ya kamata ya fara tambayar waɗanne ne inshorar ta ɗauka kafin ya biya. An tambaye ni rukunin jinina game da sikila, domin HbA1c ba ya ba da sahihin sakamako ga mai sikila ko mai ƙarancin jini sosai. Bayan kwana huɗu na karɓi takardun.

Sugan safe ya nuna 112, HbA1c kuma 6.1. Likita ya ce ban kamu da ciwon suga ba tukuna amma ina bakin ƙofarsa, domin daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, daga 126 ciwo ne, haka nan HbA1c daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne. Tayirod da ƙoda lafiya lau. Hawaye ya zo mini saboda na tuna yadda mahaifina ya ƙare da raunin ƙafa da ya ƙi warkewa. Likitan ya kwantar mini da hankali da labarin wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, wanda aka yi da mutum 3,234 masu irin matsayina. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin ɗari, waɗanda aka ba maganin suga mai suna metformin kuma da kashi 31. Ya ce kashi 7 na nauyina bai kai kilo bakwai ba. Na zo da tunanin sai na zubar da kilo talatin kafin a ce na yi wani abu, sai ga shi ana maganar bakwai. Ya rubuta mini takardar turawa zuwa sashen kula da abinci, ya ce in riƙa auna jinina a gida, idan bai sauka ba za a fara magani.

Sashen ba ya ganin mutanen waje kowace rana, don haka aka ba ni kwana tara, kuɗin ganin masaniyar abincin kuma Naira 2,000. Mace ce mai kimanin shekaruna, mai haƙurin sauraro. Da ta tambayi abin da nake ci, na ce mata gaskiya ba ni da ci, sau biyu kawai nake zama cin abinci. Ba ta musa mini ba. Ta ce, "Malama, ki koma gida da littafi, ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki na kwana bakwai, har ɗanɗanon miya da ragowar yara, tare da lokaci da yawa." Da na san haka da na zo da rubutun tun farko na huta da zuwa biyu. Abin da littafin ya nuna ya ba ni mamaki ƙwarai. Shayin safe da madara da suga cokali uku da burodi, ƙosai ko fanke a hutun makaranta da lemon kwalba, shinkafa da miya da rana, gyaɗa da cincin lokacin duba takardun ɗalibai, tuwo malmala biyu bayan isha'i, sannan fura mai suga kafin barci, wadda ban taɓa lissafawa a matsayin abinci ba. Ta tambayi kwana nawa galan mai lita biyar na man gyaɗa ke yi mana, na ce mako uku a gidan mutum bakwai, ban da manja. Ta ce a ma'aunin kalori, wato ƙarfin da abinci ke ba jiki, giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci da na furotin kuma 4 kowanne, babban cokali ɗaya na mai kuwa kusan kalori 120 ne, ni kuma da ludayi nake zubawa. Ta ƙara da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana son sugan da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, kuma giram 25 ya fi, adadin da kwalbar lemo guda kan wuce.

Daga nan ta shimfiɗa mini hanyoyin. Akwai rage sitaci, wanda mafi tsananinsa shi ne Keto, inda ba a wuce giram 50 a rana. Akwai rage mai. Akwai taƙaita lokacin cin abinci ko yin azumi jefi-jefi. Akwai kuma tsarin mutanen Bahar Rum mai yawan ganye da wake da kifi da man zaitun. Na tambaye ta kai tsaye, "Hajiya, wanne ya fi?" Sai ta rubuta mini sunayen bincike uku a takarda ta ce tunda ni malamar kimiyya ce in je in karanta da kaina. Na farko an yi shi a Dimona ta Isra'ila aka wallafa a 2008, da mutum 322 na tsawon shekara biyu: masu rage mai sun sauke kilo 2.9, masu tsarin Bahar Rum 4.4, masu rage sitaci 4.7. Na biyu na Frank Sacks ne na Jami'ar Harvard a 2009, da mutum 811 da aka raba wa tsari huɗu masu bambancin mai da sitaci da furotin, kuma bayan shekara biyu dukkansu sun tashi kusan daidai, kimanin kilo 4, waɗanda suka fi halartar zaman shawara su ne suka fi ragewa. Na uku na Christopher Gardner ne na Jami'ar Stanford a 2018, da mutum 609 na shekara guda: masu rage mai kilo 5.3, masu rage sitaci kilo 6.0, bambancin da masu binciken suka ce bai kai a dogara da shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai a binciken Stanford shi ne a cikin kowane rukuni an sami wanda ya sauke fiye da kilo ashirin, an kuma sami wanda ya ƙara nauyi.

Duk da na karanta wannan, na nace sai na fara da rage sitaci, saboda wata abokiyar aikina ta rame da shi cikin wata biyu ina gani. Masaniyar ta amince tunda ƙodata lafiya kuma ba na shan maganin suga, ta tsara mini abin da ake samu a kasuwarmu: ƙwai, kifi, kaza, awara, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kabeji, kokwamba, yalo, miyar alayyahu da kindirmo marar suga. Tuwo da shinkafa da taliya da burodi da doya duk suka fita, domin malmala guda ta tuwon shinkafa kan iya cinye kason yini gaba ɗaya. Na fara ranar 20 ga Fabrairu. Makon farko na sha ciwon kai da kasala, cikina ya ɗaure, bakina ya canza wari har maigida ya lura. Amma sikeli ya sauka da kilo uku cikin kwana goma sha huɗu, na je wurinta ina murna. Ta taya ni murna, sannan ta bayyana mini cewa jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka tare da ruwa, kusan giram uku na ruwa ga kowane giram, don haka mafi yawan abin da ya fara zuba ruwa ne, kuma zai dawo ranar da na koma tuwo. Zan yi wa tsarin adalci: bayan mako biyu yunwa ta ragu sosai, kwaɗayin zaƙi ya tafi, sugan safe da nake aunawa a kemis ya sauko ƙasa da 100. Kafin azumi na kai kilo 89.5.

Watan Ramadan ya kama ranar 23 ga Maris, muka dakatar da tsarin. Na ɗauka azumi kaɗai zai ci gaba da aikin, amma buɗa baki da kunun tsamiya mai suga da ƙosai da soyayyen dankali da zoɓo, sannan cincin da tuwon sallah, suka mayar da ni kilo 91 a ƙarshen Afrilu. Na koma rage sitaci a watan Mayu na sauko 89, sai dai a nan ne tsarin ya gagare ni, kuma ba don rashin niyya ba. Tukunya biyu nake ɗorawa kullum, ɗaya ta gida ɗaya tawa, bayan na dawo daga makaranta a gajiye. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu farashin ƙwai da kifi da kaza ya yi tashin gwauron zabi, kuma zuciyata ba ta yarda in ci kaza ina ba yara shinkafa da mai da yaji ba. A gidan biki da gidan suna babu abin da zan iya ci, har surukata ta kira ni gefe ta ce, "'Yar nan, ko wani abu ke damunki a gidan ne kike ɓoye mana?" Gwajin kitsen jini da aka maimaita a watan Yuni ya nuna nau'in da ake kira tiragilisarayid ya sauka, amma mugun kwalastarol ya ɗan hau, saboda na sake da man shanu da fatar kaza. Na daina, babbar sallah ta zo a ƙarshen watan da soyayyen naman layya, na koma kilo 91.5. Kunya ta hana ni zuwa ranar da aka ba ni, sai da na ƙara mako uku. Wannan jinkirin kuskure ne, domin da na je ba ta yi mini faɗa ba, cewa ta yi wanda ya dawo bayan ya zame shi ne wanda take iya taimaka wa.

Daga Yuli zuwa Satumba muka gwada taƙaita lokaci: ci daga ƙarfe 11 na safe zuwa 7 na yamma, sauran awa 16 ruwa ko shayi marar suga. Wannan bai buƙaci tukunya ta biyu ba kuma bai ƙara kuɗin cefane ba, abin da ya sa na so shi da farko. Ta gaya mini tun farko kada in sa ran abin al'ajabi, domin wani bincike da aka yi a Guangzhou ta ƙasar Sin aka wallafa a 2022, da mutum 139, ya kwatanta masu rage kalori suna ci daga 8 na safe zuwa 4 na yamma da masu rage kalori ba tare da iyakar lokaci ba, bayan shekara guda na farko suka sauke kilo 8.0, na biyu 6.3, kuma bambancin bai kai matsayin hujja ba. Matsalata ita ce darasi uku nake yi a tsaye kafin ƙarfe 11, jiri yakan ɗebe ni a na uku, idan lokaci ya yi kuma sai in ci abin da ya fi karin kumallon da na tsallake. Ga shi a gidanmu bayan isha'i ake haɗuwa cin tuwo, sai na zama ina zuba wa kowa ina kallo. Cikin wata uku kilo biyu kawai na sauke. Abu ɗaya na riƙe daga wannan tsari har yau, shi ne rufe baki bayan tuwon dare, wanda ya raba ni da furar kafin barci. Azumin Litinin da Alhamis ina yinsa da niyyar ibada, kuma na lura ba ya taɓa sikeli idan an buɗa baki kamar ana ramuwa.

A farkon Oktoba muka zauna kusan awa guda ta ce yanzu za mu gina tsari daga tukunyar gidana. Ta zana faranti ta raba shi: rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kwata tuwo ko shinkafa, malmala guda daidai dunƙulen hannuna. Ta ce ainihin tsarin Bahar Rum ke nan, kuma ba sai na sayi man zaitun mai tsada ba, domin man gyaɗa yana da yawan irin kitsen da ke cikin zaitun, manja kuwa kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, don haka a rage shi ba a haramta shi ba. Sharaɗin shi ne a auna mai da cokali, a daina zubawa daga galan. Na koma ga abincin da na taso da shi na raina: dambun zogale, faten tsaki da rama da yakuwa, faten wake da alayyahu, alale, ɗanwake da kabeji da mai cokali ɗaya, tuwon dawa da na gero da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe mai yawan kabewa, acha idan an samu, kifi sau biyu a mako. Ƙosai ya koma ranar Asabar kawai. Fura da nono ba suga ta zama abincin rana a wasu ranaku, ba ƙari a kan abinci ba. Gwaba da gwanda da lemon zaƙi suka maye gurbin lemon kwalba. Na rage dunƙulen ɗanɗano na ƙara daddawa saboda jinina, tunda gishirin yini bai kamata ya wuce giram 5 ba. Na kuma fara tafiyar minti 30 bayan la'asar sau biyar a mako tare da wata maƙwabciyata.

Sauka a wannan tsari a hankali take, kimanin kwatan kilo a mako, kuma a watan Disamba sikeli ya tsaya cak har mako biyar, na kusa karaya. Ta ce jikin da ya ragu yana ƙona kalori ƙasa da na da, yunwa kuma takan ƙaru, ta sa na sake rubutun kwana bakwai, muka gano gyaɗar da nake ci da hannu a buɗe ta dawo. Amfanin da ban zata ba shi ne tukunya ɗaya ce ga kowa, yara suna ƙara malmala ni ina ƙara ganye, galan ɗin mai ya koma yin mako biyar, kuma wandon maigida ya yi masa yawa ba tare da ya shiga wani tsari ba. A farkon Maris na 2024 aka maimaita gwaje-gwajen, waɗanda kuɗinsu ya ƙaru sosai a kan na 2023. Nauyina kilo 84, BMI 32.8, HbA1c 5.7, jini 132 bisa 84, zagayen ciki santimita 97. Har yanzu ina cikin rukunin masu larurar ƙiba, amma na ajiye kujerar sallah tun watan Janairu.

Na ce wa masaniyar ashe dai tsari na uku ya fi sauran, sai ta gyara mini. Ta ce gwajin mutum ɗaya a jere ba kwatanci ne na adalci ba, domin lokutan sun bambanta, farashi ya bambanta, kuma na shiga na uku ne da ilimin da na samu daga biyun farko. Abin da za a iya cewa kawai shi ne shi ya dace da gidana. Abokiyar aikina da 'ya'yanta suka girma, mai halin sayen kifi da ƙwai, tana nan a kan rage sitaci kuma yana yi mata aiki. Na yarda da wannan gyara, kuma shi ya sa nake ba wanda zai fara shawarar kada ya tambayi wane tsari ya fi sauri a mako biyun farko. Ya tambayi kansa wanda zai iya ci ranar biki, da ranar da albashi ya ƙare, da bayan wata shida, wato lokacin da a binciken Harvard ragewar ta kai kimanin kilo 6 kafin daga baya wani ɓangare ya dawo. Duk tsarin ukun da na bi sun haɗu a kan cire lemon kwalba da sugan shayi da soye-soyen tsakanin abinci, kuma ina kyautata zaton mafi yawan kilo goman daga nan suka fita.

Game da asibiti kuwa, a je kafin ƙarfe bakwai, a tafi da rubutun abincin kwana bakwai da duk magungunan da ake sha har na gargajiya, a kwana ba a ci ba ranar gwajin jini, a adana rasit da hoton kowane sakamako a waya domin an taɓa neman fayil ɗina aka rasa na tsawon awa biyu, kuma a nemi takardar turawa zuwa sashen abinci ko likita bai ambata ba. Ina roƙon mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide kada ya yanke sitaci ko ya tsawaita yunwa ba tare da likita ya daidaita masa magani ba, domin suga na iya faɗuwa har mutum ya suma. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda su ma kada su kwaikwayi abin da na yi sai da izinin likitansu, haka nan saukar nauyi da gaggawa yana iya haifar da tsakuwa a matsarmama.

A zamanmu na ƙarshe mun tsara Ramadan na 2024, watan da ya kayar da ni a 2023: dabino uku da ruwa, sai sallar magariba, sai farantin da na saba, soyayyen abu sau biyu kawai a mako, sahur kuma da alale ko ƙwai da kunun gero marar suga. Ta rubuta mini ranar dawowa mako biyu bayan sallah, ta ce in zo da littafina ko sikeli ya hau ko ya sauka, burinmu na gaba kuma shi ne kilo 80 kafin ƙarshen shekara.